Ragowar mus a gwangwani: a toshe tiyo, a wanke da aseton, ko a sayi bindigar fesa mus?

Masu sa kilim (na'urar sanyaya ɗaki), masu tagogi da ƙofofin aluminiyam, masu gyaran firigo da firiza a nan Damagaram, duk sun san wannan ciwon kan. Ka sayi gwangwanin mus, kumfar nan mai kumbura da ake toshe rami da ita, ka fesa a ramin da tiyon kilim ya ratsa bango ko a gefen taga biyu, ko rubu'insa ba ka ci ba, ka ajiye. Bayan kwana goma wani aiki ya taso ka ɗauko ka danna, shiru. Gwangwani ga nauyinsa nan, in ka girgiza kana jin abu yana motsi a ciki, amma ko ɗigo ba ya fita, jikkunan da ka biya sun tafi bola kenan.

Abin da ya kamata a fara ganewa, ba kumfar da ke ciki ce ke fara mutuwa ba, ƙofar fitarta ce. Mus ɗin nan poliyuretan ne, kuma abin da ke daskarar da shi danshi ne, da zarar ya haɗu da laimar da ke cikin iska sai ya fara kamawa. Wanda ke can cikin gwangwani iska ba ta kai gare shi, amma ɗan wanda ya maƙale a bakin bawul, wato ƴar ƙofar da ke saman gwangwani, da cikin ƴar tiyon robar da ake fesawa da ita shi ne ke bushewa ya like hanya. Duk dabarun da ake yi a kan wannan ɗan wajen ne, da ko girman ɗan yatsa bai kai ba.

Abin da zan auna kowace hanya da shi guda huɗu ne. Kuɗin da za ta ci maka, da na farko da na kullum. Tsawon lokacin da ragowar za ta jira ka. Sauƙin yi, musamman a ƙarshen aiki lokacin da ka gaji magariba ta kusa kuma yaron shago ne zai kwashe kaya ba kai ba. Sai haɗari, ga aljihunka da jikinka. Zan ƙara da ko ana samun kayan a gari, don dabarar da sai an aika Kano ko Yamai kafin a yi ta ba kowa za ta yi wa amfani ba. Farashi kuwa ba zan sa lamba ba, yana tafiya ne da canjin naira da halin da hanya take ciki, sai dai in auna da kuɗin gwangwani guda.

Hanya ta farko: toshe tiyo a bar shi a jiki

Ita ce wadda kowa ke yi ko ba a koya masa ba. Ka gama fesawa, ba ka cire tiyon, sai ka lanƙwasa shi ka ɗaure da waya ko ka cusa ƙusa ko sukuru a bakinsa, wasu ma barinsa kawai suke yi kumfar ta cika shi ta bushe ta zama toshiya da kanta. Hikimar ita ce bushewa daga baki take farawa ta yi ciki a hankali, to in tiyon yana da tsawo kuma an toshe shi da kyau, wanda ke kusa da bawul zai ɗauki kwanaki kafin ya kama. Ranar aiki sai ka yanke inda ya bushe da reza, ko ka jawo toshiyar da sukurun da ka bari a ciki, ko ka sa wani tiyon.

Kuɗi babu ko dala. Sauƙi kam ba a magana. Matsalar tana wajen lokaci, daga yau zuwa jibi yawanci yana yi, mako guda da ƙyar, abin da ya wuce haka caca ce, kuma a nan yanayi yana da ta cewa. Da hunturu da bazara iskarmu a bushe take ƙarau, kumfa tana jinkirin kamawa, ragowa takan daɗe fiye da yadda ake zato. Amma cikin Agusta da ruwa ya zauna, kwana biyu ma ya isa bushewar ta kai bawul. In ta kai can an gama, kuma nan ne haɗarin yake, don mutum ba ya son asara sai ya ɗauki ƙusa ya hau sokar bawul yana leƙawa da ido. Gwangwanin nan cike yake da gas mai matsi, in bawul ya buɗe ba zai sake rufuwa ba, duk abin da ke ciki zai fito a fuskarka da rigarka. Kumfar da ta bushe a fata babu abin da ke narkar da ita sai ta fita da kanta bayan kwanaki, a gashi sai aski, a ido kuma maganar likita ce.

Wata ƴar dabara da ke taimakon wannan hanya da ta biyu ma: tunda ana fesawa ne gwangwani a kife, in ka gama ka miƙar da shi tsaye ka ɗan danna sau ɗaya, gas zalla zai fito ya ture kumfar da ke bawul. Sau ɗaya fa, kuma gajere. Gas ɗin shi ne ke turo mus waje, in ka yi ta zubar da shi za ka ƙare da bawul mai tsabta da rabin gwangwanin da ba abin da zai turo shi.

Hanya ta biyu: cirewa a wanke da aseton

Nan sai an ɗan yi haƙuri. Kana gamawa, tun kumfar tana ɗanya, ka kwance tiyon da abin dannawa, ka ɗiga aseton, ruwan sinadarin nan mai narkar da ɗanyar kumfa, a bakin bawul, ka goge da tsumma mai tsabta ko ɗan auduga a tsinke, ka maimaita har ka ga ba sauran rawaya. Tiyon ka zuba masa aseton ta ciki ka toshe bakin biyu da yatsa ka girgiza, ka zubar, ka bar shi ya sha iska. Wasu suna shafa ɗan basilin a bakin bawul don ya kare shi daga iska, ni ma ina ganin amfaninsa, sannan a mayar da murfi a ajiye a tsaye.

Aseton ɗanyar kumfa kaɗai yake narkarwa, wannan sharaɗin shi ne komai. Cikin mintuna 10 kumfa ta yi fata, bayan sa'a guda kuwa ko ka jiƙa ta kwana ba za ta narke ba, sai kankara. To wanka a wajen aiki ake yinsa ba sai an koma shago ba, kenan kwalbar aseton tana cikin jakar kaya kullum. Kada ka sa ruwa, ruwa ƙara mata saurin kamawa yake yi. Fetur da kananzir da mutane ke zubawa ba sa narkar da ita yadda ya kamata, damalmala ta kawai suke yi, ga su suna cin robar bawul. Tinar fenti wata tana yi wata ba ta yi, ya danganta da abin da aka haɗa ta. Abin goge jan farce na mata yana iya fitar da kai kunya in ka duba jikinsa ka ga an rubuta akwai aseton, amma da yawa an gauraya su da ruwa da mai, wasu ma babu aseton ɗin sam, to a bawul ban ba da shawara ba, a tiyo dai to.

Kuɗinta kaɗan ne, kwalba guda za ta wanke gwangwanaye da yawa in dai kana rufe ta da kyau, don a zafin nan namu in ka bar murfi sako-sako gobe iska za ka tarar. Lokaci kuwa, makonni biyu zuwa uku abu ne da ake samu in an wanke da kyau, wani lokacin har wata, sai dai ba garanti, gwangwanin tiyo an yi shi ne a kan a ƙarar da shi a zama ɗaya, masu yinsa da yawa ma haka suke rubutawa a jiki, kuma bawul ɗinsa roba ne da yake ƙanƙamewa bayan an taɓa buɗe shi. Haɗarinta wuta. Aseton yana kamawa nan take, gas ɗin cikin gwangwani kuma butan da propan ne irin na girki, to kada a yi wankan nan kusa da mai walda ko kurfotin shayi ko wanda ke riƙe da taba. Rauninta na gaske dai ɗan Adam ne, ranar da aka yi sauri aka ce sai an je gida a wanke, ranar gwangwanin ya mutu.

Hanya ta uku: bindiga

Wannan wani tsari ne daban gaba ɗaya, kuma tun wajen saye ake yanke shawararsa, don gwangwanin bindiga daban yake, yana da baki mai murɗi da ake ɗaura shi a kan bindigar, na tiyo ba ya hawa, sai dai wasu ƴan kaɗan da aka yi musu baki mai karɓar duka biyun. A cikin bindigar akwai doguwar allura da ke rufe hanya a can ƙarshen baki. Kenan daga gwangwani har bakin bindiga kumfa tana cikin matsi, iska ba ta shiga ko'ina, ba abin da zai bushe sai ɗan abin da ya rage a waje wanda za ka kankare da wuƙa.

Ƙa'idar ajiyarta ta saɓa wa abin da hankali ke ba mutum, shi ya sa bindigogi da yawa suke mutuwa a hannun sabbin masu su. In ka gama aiki ba ka cire gwangwanin. Ka murɗa ƙullin da ke baya har ƙarshe ya kulle kunama, ka goge baki, ka ajiye su a haɗe gwangwani a tsaye. Wanda ya ce bari in kwance in ajiye kowanne daban don tsabta, ya buɗe wa iska ƙofa, gobe zai tarar da bindiga ta zama sanda. In gwangwani ya ƙare sai sabo yana hannunka ka kwance, ka fesa abin wanki a mazauninsa, ka ɗaura sabon nan take, ka danna kunama har kumfa mai kyau ta fito. Abin wankin ma gwangwani ne mai irin wannan bakin, aseton ne a ciki da gas, ana ɗaura shi a wanke cikin bindigar idan za ta daɗe ba aiki. Ba kullum ake yi mata wannan wankan ciki ba, yawansa yana gajiyar da robobin da ke ciki.

A haka ragowa tana kai wata guda cikin kwanciyar hankali, abin da yawancin kamfanoni ke faɗa kenan, in kana ɗan danna ta duk mako ma ta wuce haka. Ga wata riba da ba a cika lissafawa ba, da bindiga kai ke iko da yawan abin da ke fita, za ka iya jan siririn layi a gefen taga ba tare da rabi ya zubo ƙasa ba, kuma mus na bindiga ba ya haukan kumbura kamar na tiyo, wanda in an cika shi yana iya tanƙwara firam ɗin aluminiyam har taga ta ƙi rufuwa. Gwangwanin mililita 750 na bindiga wasu suna rubuta lita 40 ko 45 na kumfa a jikinsa, na tiyo mai girma ɗaya ba ya kai haka.

Kuɗin farko ne ke korar mutane, bindiga mai kyau za ta ci kuɗin gwangwani biyu ko uku ko fiye, ga abin wanki, ga shi gwangwaninta ba kowane mai kayan gini ke ajiye shi ba. Kafin ka saya ka zaga wajen masu kayan gini na kasuwar Dole da na Zango ka tabbatar akwai wanda ke kawo shi a kai a kai, in ba haka ba ranar da naka ya ƙare ba na canji dole ka wanke ka jingine ta. Akwai bindigogi masu arha na roba, amma arha ba ta ado, allurarsu ba ta zama daidai sai ka wayi gari kumfa ta tsiyaye ta bushe a baki. Ta ƙarfe wadda aka shafe cikinta da baƙin abin nan da komai ba ya manne masa, teflon, ita ce ta aiki. Kuma ba a wurga ta cikin buhun kaya tare da guduma, in bututun ya lanƙwashe ko kaɗan allura ta daina rufewa. Haɗarinta a aljihu ne, kuskure ɗaya na yaro sai ka rasa bindiga da gwangwani tare.

Hanya ta huɗu: gwangwani mai marufin kansa

Wasu kamfanoni sun yi na tsakiya, ba bindiga amma abin dannawar yana rufe kansa ko yana da toshiya a jiki. Soudal na Beljiyam suna da wanda suke kira Genius Gun, sun ce yana kai mako 6 bayan buɗewa, Great Stuff na Amurka suna da Smart Dispenser da suka ce kwana 30. Ya fi na tiyo tsada, bai kai sayen bindiga ba, kuma ba wanki ba komai, rufewa kawai. Ban cika ganinsu a shagunan nan ba, abin da ya fi yawo irin na tiyo ne. In ka ci karo da shi ko kana da mai zuwa Kano ko Yamai, ya dace da mai aiki jefi-jefi, sai dai ka tuna alƙawarin makonnin nan an yi shi ne a kan ajiya mai sanyi ba shagon kwano a watan Afrilu ba.

Hanya ta biyar: kada a bar ragowa

Za a ce wannan ba dabara ba ce, amma ga mutane da yawa ita ce ta fi arha. Akwai ƙananan gwangwanaye, na mililita 500 har da na 300, ko da kuɗin ƙaramin ya fi tsada in an auna da yawan abin da ke ciki, ya fi ka sayi babba ka zubar da kashi biyu cikin uku. Ko ka tara aiki, ramukan kilim na gidaje uku a toshe su rana ɗaya, ko ku haɗa da abokin sana'a ku raba kuɗin. Mai gida kuwa kafin ya buɗe ya zaga ya ƙirga duk inda ƙura da sauro da ɓera ke shigowa, gefen tagogi, inda tiyon ruwa ya shiga banɗaki, tsakanin kwano da bango, ya fesa su gaba ɗaya. Abu ɗaya, inda rana ke duka sai an yanke an shafe da siminti ko fenti, hasken rana yana cin kumfa, ta yi ja ta dinga marmashewa.

| Hanya | Kuɗi | Tsawon jira | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Toshe tiyo | babu | kwanaki, da ƙyar mako | sosai | bawul ya like, a soka ya fashe |
| Wanki da aseton | kaɗan | mako 2 zuwa 3 | sai an yi nan take | wuta, mantuwa |
| Bindiga | da yawa a farko | wata guda ko fiye | sauƙi in an saba | asarar bindiga, rashin gwangwanin canji |
| Mai marufin kansa | matsakaici | wata zuwa mako 6 | sosai | wuyar samu |
| Ƙararwa a zama ɗaya | na ƙaramin gwangwani | ba jira | sai an tsara aiki | kusan babu |

Inda ake ajiyewa

Duk abin da ke cikin jadawalin nan zai rushe in wajen ajiya bai yi ba, kuma a Zinder wannan ya fi ko'ina. A jikin gwangwani yawanci ana rubuta a ajiye tsakanin digiri 5 da 25, wasu 30, kuma kada ya wuce 50 ko kusa. Mu kuwa Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40, to ina ga cikin mota a rufe ko akwatin bayan babur ko shago mai rufin kwano da azahar. Zafi yana ƙara matsin gas, yana sa mus ya yi kauri tun yana ciki, yana busar da robar bawul har gas ya dinga sulalewa a ɓoye, in ya yi yawa gwangwanin ya fashe. Wajen da ya fi shi ne ƙasan ɗakin soro ko ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na cikin Birni, a lungun da rana ba ta dukan bangonsa, nesa da kicin da hannun yara. Gindin randa akwai sanyi amma akwai danshi, zai sa tsatsa a gindin gwangwani kuma laimar ta kai bawul, in nan ne kaɗai kake da shi ka ɗaure shi a leda ka sa a bokiti mai murfi. Firigo a'a, gas mai kama wuta ne a wajen da ke da wutar lantarki da abinci, kuma in ka fito da shi zufar da zai yi ruwa ce a kan bawul.

A tsaye kullum, baki sama. In ya kwanta mus yana zama a kan bawul ya like shi ko da sabo ne ba a taɓa buɗewa ba, don haka a shago ma in ka ga an jibge su a kwance ko an jera su a rana bakin titi ka wuce. Ka kifa ka duba kwanan watan da ke gindi, yawanci wata 12 zuwa 18 ne ransu, kuma wani ɓangare ya riga ya ƙare a bayan babbar mota a hanya. Gwangwani mai rai in ka girgiza za ka ji ruwa yana kai da komo, wanda ya mutu dunƙule yake.

Ranar da za ka koma kan ragowa ka girgiza da ƙarfi sau 20 zuwa 30, ka gwada a kan kwali tukuna. In ya yi zafi ka tsoma gindinsa a ruwan sanyi, in da sanyin safiyar Janairu ne a ruwa mai ɗumi kaɗan, ba a wuta ba ba a rana ba. Kuma bushewar iskar da ta taimake ka wajen ajiya ita za ta cuce ka wajen aiki, da hunturu in ba ka yayyafa ruwa a ramin ba kafin fesawa sai kumfar ta bushe a waje cikinta ya zauna ɗanye ko ya yi kogo, a ce mus ya lalace alhali ruwa ya rasa. Safar hannu da tabarau da buɗe taga ba ƙaƙale ba ne, akwai izosiyanat a cikin mus, wani sinadari mai taɓa ƙirji, mai asma ma ya bar wa wani. Gwangwanin da ya ƙare ko ya mutu kada a jefa a wutar shara, kada a bar wa yara su huda.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce? Mai sa kilim ko tagogi da ke taɓa mus duk mako, bindiga, in dai ya samu mai kawo masa gwangwaninta, kuma ya zaunar da yaransa ya nuna musu ba a kwancewa. Mai gyaran firigo da firizar masu ƙanƙara da ke buƙatarsa sau biyu ko uku a wata, na tiyo da kwalbar aseton a jaka, ko mai marufin kansa in ya samu. Wanda aikinsa zai ci gaba gobe ko jibi a gini ɗaya, toshe tiyo ya ishe shi, in damina ce ya haɗa da wanki. Mai gida da zai toshe rami ɗaya ko biyu sannan sai baɗi, ya sayi ƙarami ya ƙarar. Wanda kuma ba shi da wajen ajiya sai shagon kwano ko mota, daga Maris zuwa Yuni ya bi ta biyar ko da yana da bindiga, ko ya dinga tafiya da ita gida.